Bambar Baya da Dakalin Surukina

Abin da mahaifina ya fara koya mini a rumfar yadi shi ne kada almakashi ya sauka daidai kan awo. Idan mutum ya ce yadi biyar yake so, ka auna masa biyar, sannan ka matsa da yatsu biyu ko uku kafin ka yanka. Yadi yana shiga idan ya sha ruwa, tela kuma yana son abin kalmasa. In ya yi yawa a rage, in ya gaza kuwa sai maho. Da wannan tarbiyya na girma, da ita na gaji rumfar a Babbar Kasuwar Kaduna, kuma ban taɓa zama na tambayi kaina ko akwai abin da ba a yi wa irin wannan awo ba.

Wajen tsakiyar shekarun saba'in na fara cin kasuwannin ƙauye ta hanyar Birnin Gwari, domin a can atamfa ta fi tafiya. Hanyoyin kuwa da damina ba kowace mota ke shigarsu ba. Saboda haka na sayi wata tsohuwar jif a gwanjo, koriya, wadda masu aikin daji suka gama morewa. Sitiyarinta a dama yake, irin na kafin a koma tuƙin hannun dama, don haka duk abin da ke bayana ta hagu sai dai in yi zato. Gabanta akwai ƙarfe mai kauri, amma bayanta tsirara yake. Idan ta kafe a laka, mutanen ƙauye sukan rasa inda za su kama su tura, ko inda za a ɗaura igiya. Ran nan kuma a bakin tashar Kawo wata kiya-kiya, ƙaramar bas ta haya, ta dungure ni ta baya, ta lotsa ƙofar, ta fasa danja guda. Direban ya sauko yana ba ni haƙuri, wani ɗan kamasho ya ce ai laifin motata ne da take yawo ba wando. Aka yi dariya. Ni ma na yi, amma maganar ta kwana a raina.

Akwai wani mai walda a gindin mangwaro can bayan tashar, Bazazzagi, gajere mai faɗin ƙirji. Ni kuwa asalinmu Kanawa ne, don haka tun ranar da muka san juna ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsokana ba. Na gaya masa ina son bambar baya, wato ƙarfen kariya irin na gaban motar, wadda ko gingimari ta buge ta sai ta ji a jikinta. Ya ja ni bayan rumfarsa ya nuna mini wani dogon ƙarfe mai kwari a tsakiya, wanda ya ciro daga shasin wata babbar mota da ta mutu. Ya ce in kawo motar ya auna. Na ce gobe kasuwa gare ni, jibi ma haka, kuma mutumin da awo ne sana'arsa tun yana yaro ba zai kawo wa Bazazzagi mota don a auna masa ba. Ya ce to, Bakano ya kawo awonsa.

Da yamma na ɗauko sandar awon yadi daga rumfa na gwada bayan motar daga gefe zuwa gefe. Na samu awon daidai, wannan kam ba wanda zai ƙaryata ni. Sai hannuna ya yi abin da ya saba, na ƙara yatsu huɗu ta dama, huɗu ta hagu. Na tsaya na dube shi, na tuna cewa wuta za a sa a yanka, wuta kuwa tana cin abu, na ƙara kaɗan. Da na zo yanke igiyar da zan kai masa a matsayin awo, almakashin ma bai sauka kan alamar ba, ya matsa gaba kamar kullum.

Ranar ɗaurawa na kai motar da hantsi. Ya riga ya yanke ƙarfen, ya kankare tsatsar, ya haɗa masa wasu 'yan ƙarafa biyu da yake kira kunnuwa, waɗanda za su kama shasi. Aka ɗaga bayan motar da jak, ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi, daga can yake ba da umarni yana zagin masu aikin dajin da suka bar laka ta bushe a ko'ina. Ya huda shasin, aka kira wasu makanikai daga rumfar kusa suka taya mu ɗaga ƙarfen. Kunne ɗaya ya zauna, ɗayan ya ƙi, ramin notinsa ya kauce. Aka sauke, ya faɗaɗa ramin da wuta, aka sake ɗagawa. Sai kuma salansar da ke fitar da hayaƙi ta tokare. Ya zura mata wani bututu ya danne ta ƙasa har ta ba da hanya. Lambar mota ta ɓuya, aka ciro ta aka mayar sama. Ni dai aikina miƙa sifana da riƙe noti, da kuma gaya wa duk wanda ya tsaya kallo cewa ni na yi awon. Da aka sauke jak, bayan motar ya ɗan zauna kamar jakin da aka yi wa lodin gishiri.

Mai walda ya fito, ya kakkaɓe jikinsa, ya ja da baya ya tsaya yana kallo. Ƙarfen ya zarce jikin motar fiye da taƙi guda ta kowane gefe.

Ya ce, "Bakano, bamba ka ce in yi maka, ko babbar riga muke ɗinka mata? Ga hannuwa nan har sai an naɗe."

Ya ce in bari ya datse bakunan tun wutar tana kunne. Da mu biyu ne kawai, wataƙila da na yarda. Amma makanikan nan suna tsaye, kuma na riga na cika musu kunne da zancen awona. Na ce haka na so ta, faɗi shi ne kwarjini, mutumin Zariya ba zai gane ba. Ya ce shi ke nan, tunda haka ne shi ma zai nuna mini aikin Zazzagawa ba ya faɗuwa a hanya. Ya koma ƙarƙashi ya bi kan notocin nan duka da walda, ya liƙe kunnuwan da shasi, yadda ko shi da ya ɗaura ba zai iya kwancewa ba. Muka shafa mata fenti ja da fari. Na biyo ta gaban tasha a hankali don ɗan kamashon nan ya gani.

A lokacin ina haya a Unguwar Kanawa, gidan ba shi da wurin ajiye mota. Surukina, mahaifin matata, gidansa yana kusa da mu, kuma yana da wani fili a baya inda a da yake ɗaure tumaki. Shi ya aiko cewa in riƙa kwanar da motar a can. Ana shiga filin ta wani lungu tsakanin zaurensa da katangar maƙwabci. A bakin lungun, ta hagun mai fitowa da baya, akwai dakalin ƙasa da ya taso daga ƙofar zauren ya zagayo kusurwa. Baba, kamar yadda muke kiran surukin nawa, tsohon masinja ne a wani ofishin gwamnati, ya yi ritaya da ciwon gwiwa. A kan dakalin nan yake wuni, kan buzunsa, tare da abokansa biyu, wani wanzami mai yawan magana da wani tsoho mai sayar da goro.

Tun da na auri 'yarsa, maganata da shi ba ta wuce gaisuwa ba. Daga nesa nake tuɓe takalmi, in durƙusa, in gaishe shi kaina a ƙasa, ya amsa yana kallon wani wuri, in tashi. Duk wata magana da ta wuce wannan sai ta bi ta kan matata, ta kai wa mahaifiyarta, ita kuma ta kai masa, amsar ma ta biyo hanyar ta dawo. Ko motar ba na shigar da ita suna zaune. Nakan tsaya nesa har a kira magariba su tafi masallaci.

Ranar da na dawo da sabuwar bamba, ina karya kwana zan shiga lungun na ji wani ƙuuu a bayana. Na sauko na duba. Bakin ƙarfen ya gutsure kusurwar dakalin kamar an ciji ƙuli-ƙuli. Na watsar da ɓurɓushin da ƙafa, na ce wa kaina gobe zan fi buɗe kwanar. Washegari da asuba ina fitowa da baya, bakin nan ya sake ɗiba. Lungun da ma daidai jikin motar yake da ɗan rara, rarar kuwa na riga na cinye ta da awona. Haka aka yi ta yi, shiga a gutsura, fita a gutsura. Damina ta sauka, ƙasar ta yi laushi, gutsuren ya ƙara girma. Kowa yana ganin jan fenti a jikin dakalin. Buzun Baba dai ya riƙa matsawa wajen ƙofar zaure, su ukun suna ƙara matsuwa. Wanzami, wanda kusurwar ce mazauninsa, ya fara zama da rabin jiki. Idan na zo gaisuwa yakan tambaye ni lafiyar mota, ya ce yana ganin tana samun abinci sosai kwanan nan.

Na san zarto zai raba wannan rigima cikin ɗan lokaci. Abin da ya hana ni shi ne fuskar mai walda idan na koma.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, na fito da baya ina sauri. Bakin ƙarfen ya shige ƙarƙashin dakalin inda ruwa ya zaizaye, na ji motar ta tirje, ni kuma maimakon in tsaya sai na ƙara mata wuta, kamar yadda nake yi a laka. Ta fita kuwa. Ta fita da fiye da rabin dakalin, sauran ya tsage har jikin zaure. Na tsaya ina kallon tarin jar ƙasa a tsakiyar hanya, na rasa abin yi, na shiga mota na tafi kasuwa.

Da na dawo an kwashe komai, an share wurin tas, har guntun da ya rage an sare shi don kada ya faɗo wa wani. Kunya ta hana ni shiga lungun. Na ajiye motar a ƙofar gidan, gindin darbejiya, bayanta na kallon zaure. A gida matata ta ajiye mini abinci, ta zauna, ta ce Inna ta ce Baba ya ce ruwan bana ya yi ƙarfi, ya cinye masa dakali. Ta faɗa tana kallona. Na ce lallai ruwan bana sai addu'a. Ta ce haka ne, har da jan fenti yake zuwa. Ta tashi ta shiga ɗaki.

Washegari ba ni da kasuwar ƙauye, sai da hantsi na fito da makulli a hannu. Tun daga nesa na hango su. Baba ya shimfiɗa buzunsa a tsakiyar bambar, ya jingina da ƙofar motar, yana jan carbi. Mai goro yana damansa da faifansa a cinya. Wanzami yana hagu, a kan rarar nan da na ƙara, ya miƙe ƙafa yana wasa aska. Ƙarfen ya ɗauke su su uku cif, tsayinsa daga ƙasa kuma kusan daidai da na dakalin. Na jefa makullin a aljihu, na tuɓe takalmi, na durƙusa.

Bayan gaisuwa Baba ya ce, "Malam, fita za a yi ne? Sai mu tashi."

Na ce, "A'a Baba, gaisuwa kawai na zo."

Ya sa mini albarka. Na tashi na bi ta bayan layi, na fita titi na tsaya jiran kiya-kiya.

Na yi tunanin abin mai sauƙi ne, tunda kasuwannin ƙauye da sassafe ake fita. Ranar kasuwa ta gaba, liman yana sallame sallar asuba na zame, na tayar da mota kafin tsofaffin su gama addu'a. Na yi ciniki mai kyau ranar, na dawo ina jin daɗin dabarata. Na iso dab da la'asar, na tsaya nesa kamar yadda na saba. Suna zaune a kan tabarma a ƙasa, inda dakalin yake a da, ƙasar kuma da danshi. Aka kira salla. Mai goro ya tashi, wanzami ya tashi. Baba ya dafa ƙasa ya yunƙura, ya koma. Ya juya ya kama bangon zaure, ya sake yunƙurawa, gwiwar ta ƙi. Sai da wanzami ya kama shi ta hammata, mai goro ya riƙe ɗaya hannun, suka ɗaga shi, hularsa ta faɗi. Mutumin da duk unguwa ta san shi da tafiya a miƙe, rigarsa ba ta taɓa ƙasa. Ya karɓi hular ya kaɗe, ya waiwaya ko wani ya gani. Na sunkuya a bayan sitiyari. A ranar na gane cewa daga kan dakalin nan yake iya miƙewa da kansa, shi ya sa bai taɓa zama a tabarma ba.

Da suka shiga masallaci na mayar da motar gindin darbejiya, na daidaita bayanta wajen inuwa, na sa duwatsu a tayoyin.

Na aika ta hannun matata cewa zan kawo magini ya yi sabon dakali na bulo da siminti, cikin kwana kaɗan an gama. Amsa ta dawo cewa an gode, amma siminti yana riƙe sanyi, ƙashin Baba ba ya so, na ƙasa ya saba da shi. Ginin ƙasa kuwa kowa ya sani ba a yin sa ana ruwa, sai damina ta ɗauke. Na je wurin kafinta na sa aka yi benci mai kyau da majingina, na aika. Amsa ta dawo cewa Allah ya yi albarka, matan gida suna jin daɗinsa ƙwarai wajen tsintar shinkafa. Har yau ban sani ba ko da gangan Baba ya yi haka, ko kuwa bambar ce ta yi masa daɗi da gaske. Na tambayi matata, ta ce ita ba ta shiga tsakanin mutum da surukinsa.

Haka motar da na saya don damina ta yi sauran daminar a gindin bishiya. Ranar kasuwar ƙauye nakan ɗauki dilar atamfa in kai tashar Kawo, in hau bayan babbar mota tare da buhunan gishiri da masu kaji. In ta kafe a laka mu sauko mu tura, ni da na fi kowa sanin inda ake kamawa. Ɗan kamashon nan kullum sai ya tambaye ni ina mai wando, in ce tana hutawa. Labari ya kai wa mai walda, ya riƙa aiko mini da gaisuwa, wai a tambayi Bakano ko akwai sauran kujerun da yake so a haɗa masa. Kowace safiya kuma sai na bi ta ƙofar gidan Baba na durƙusa a gaban motata na gaishe su. Wanzami ya rataye zabirarsa a hannun ƙofar baya. Har aski yake yi wa mutane a wurin, wanda ake yi wa askin yana zaune a kan rarar ƙarfen, yana duba kansa a gilashin motar.

Da ruwa ya ɗauke aka fara girbi, na kawo magini. Aka kwaɓa ƙasa da ciyawa aka bar ta ta ruɓa, ni ma na naɗe wando na shiga na taka, abin da ban yi ba tun ina yaro. Na roƙi wanzami ya nuna wa maginin tsayin tsohon dakalin a jikin bango, inda alamarsa take. Maginin ya tambaye ni ko a ɗan ƙara faɗi. Bakina har ya buɗe. Na rufe shi, na ce a bi alamar.

Da dakalin ya bushe na je na sami mai walda. Ya yi dariya har ya gaji. Batir ya mutu, tayoyin sun yi laushi, wata kaza ma ta yi ƙwai a ƙarƙashi, don haka motar ba za ta je wurinsa ba. Bambar kuma ba ta kwantuwa, saboda aikin Zazzagawa. Dole ya ɗauko zarto ya biyo ni, a yanke a nan ƙofar gida. Na so a yi lokacin da suke masallaci, amma ƙarfen shasi ba ya yankuwa tsakanin kiran salla da sallama. Suka fito suka same mu, ni ina riƙe da bakin ƙarfen, shi yana ja yana gumi. Ranar ce Baba ya fara hawa sabon dakalin. Ya shimfiɗa buzu, ya zauna, ya ɗan bubbuga ƙasar da tafin hannu. Suka zuba mana ido har guntun farko ya faɗi.

Baba ya ce a miƙo masa. Ya juya shi a hannu, ya gwada shi da taƙinsa, ya ga ya zarce.

Ya ce, "Malam, wa ya auna ƙarfen nan?"

Na durƙusa inda nake, na ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "To, masu sayen yadi a wurinka sun dace."

Wanzami ya yi dariya har da tari. Mai walda ya ajiye zarto ya ce a maimaita masa don ya kai Kawo daidai. Baba bai yi dariya ba, ya miƙa guntun ga magini, wanda ya zo duba aikinsa, ya ce idan an yanke ɗayan a kafa su biyu a kusurwar dakalin, saboda ruwan baɗi. Wannan ita ce magana mafi tsawo da ta taɓa shiga tsakanina da shi, kuma ban taɓa samun bakin da zan ba shi haƙuri ba har ya bar duniya.

Muna cikin yankan na biyu aka kira la'asar. Na saki ƙarfen ina satar kallonsa. Ya tattara carbinsa, ya zura takalmi, ya dafa bakin dakalin da hannu ɗaya ya miƙe, ya gyara rigarsa ya yi gaba, abokansa na biye. Mai walda ya ce in riƙe da kyau mana, zarton yana karkacewa.